Kunne Kafin Ƙafa

Duk shekara, da zarar Janairu ya raba tsakiya, sai a aiko a kira ni ofis. Tun kafin in zauna na san zancen: 11 ga Fabrairu ta ƙarato, ranar matasa, ana so yaranmu su fito da "wani abu na gargajiya" a gaban manya. Mako 3 ake ba ni, wani lokaci bai ma kai ba. Sai in tara yara a filin makaranta cikin ƙurar hunturu, in tsamo waɗanda jikinsu ya riga ya san kiɗa tun daga gida in jera su a gaba, sauran in tura su baya inda ido ba zai kai ba. Mu yi minti 5 a gaban rumfa, a tafa, a watse. Babu mai sake ambaton rawa sai 20 ga Mayu, ranar ƙasa, ta gabato.

Shekara 16 ke nan ina wannan aiki a nan Marwa, a arewacin Kamaru, ina malamar motsa jiki, kuma ba zan ɓoye ba: wannan ba koyarwa ba ce, fafe gora ne ranar tafiya. Yaron da ya iya, da iyawarsa ya zo. Wanda bai iya ba, haka ya koma gida, har ma da ƙarin tabo a zuciya, domin ya fahimci cewa shi ɗan sahun baya ne. Saboda wannan nake goyon bayan a tsara wa raye-rayenmu manhaja mai matakai, wadda yaro zai hau ɗaya bayan ɗaya, a makarantu da gidajen matasa. Amma ina da sharaɗi, kuma ban same shi a littafi ba, hawayen wata ɗalibata ne suka koya mini shi.

Na fara ganin irin wannan manhaja ne a wani horo da aka kai mu kudu. Wata malama da ta yi karatun bale, wata rawar Turawa, a Ingila ta buɗe mana littafin da take koyarwa da shi, na ƙungiyar da ake kira Royal Academy of Dance, wadda aka kafa a Landan a 1920. Abin da ya sa aka kafa ta shi ya fi jan hankalina: manyan masu rawa ne daga makarantun Faransa da Italiya da Rasha da Danmak da Ingila suka zauna, saboda sun ga kowane malami yana koyarwa yadda ya ga dama, da mai ilimi da marar ilimi. Suka tsara matakai. A yau yaro yana farawa da azuzuwan share fage, sannan ya hau daga mataki na 1 zuwa na 8, akwai kuma wata hanya daban ga wanda zai mai da rawa sana'a. Kowane mataki an rubuta abin da za a iya a cikinsa. Mai jarrabawa yana zuwa daga waje, yara su shiga 'yan kaɗan-kaɗan su yi a gabansa, ya ba da maki. Kuma tushen abin ya girme su: tun 1661 Sarki Luwi na 14 ya kafa makarantar rawa a Faris, a zamaninsa ne aka daidaita tsayuwar ƙafa iri 5 da har gobe duk mai koyon bale da su yake farawa.

Abin da ya fi taɓa ni a bayanin matar shi ne maganar ƙashi. Ta ce ba a barin yarinya ta hau kan tsinin yatsun ƙafa sai ta kai wajen shekara 11 ko 12, kuma sai an tabbatar ƙafar ta yi ƙarfi, komai ƙwarewarta, komai matsin uwarta. Ina saurare ina tuna yaran da na sa su alkafura a kan siminti don a burge baƙi, yara 'yan shekara 9, ƙafa ba takalmi. Ɗaya daga cikinsu ya gurɗe a wuyan hannu saura kwana 4 biki, na ɗaure masa na ce ya daure. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Da ina da tsari a rubuce da ya ce wannan motsi ba na shekarunsa ba ne, da na samu abin da zan nuna wa masu matsa mini, da kuma abin da zai taka mini birki ni kaina.

Wasu abokan aikina suna cewa matakai abin Turawa ne, rawarmu a jini take, ba a koyar da ita. Ban yarda ba, kuma ina ganin duk Bahaushen da ya natsu zai ga ba haka ba ne. Ba ina haɗa rawa da karatun Allah ba ne, Allah ya tsare ni, tsarin koyarwar kawai nake nuni da shi: wa ya kai mu sanin mataki? A makarantar allo yaro yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, sannan ya kama karatu sura bayan sura, izu bayan izu har 60, ya sauke. Akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, akwai alaramma. Ba ka wanke allo sai ka biya, malam ya saurara ya ce je ka wanke. Ɗan maƙeri da zuga-zugi yake farawa, ba a miƙa masa guduma ranar farko. Ɗan makaɗi yana shekaru yana ɗaukar kaya, yana amshi, yana buga kurkutu a gefe, kafin a rataya masa kalangu.

Ita kanta gaɗa da muka yi muna yara haka take. Idan farin wata ya fito muka taru a dandali, ƙananan cikinmu ba su shiga tsakiya. Gefe suke tsayawa suna tafi, suna amsa waƙa. Sai yarinya ta yi wata da watanni tana tafi kafin a bar ta cikin masu tara hannu, kuma sai yayyenta sun ga hannunta ya yi ƙwari, domin wadda za ta faɗo da baya ta ba da amanar ƙeyarta ne gare su. Faɗawar ita ce ta ƙarshe, kuma ranar da aka ce miki "ke ma faɗo", kin san kin girma. Babu wanda ya rubuta wannan, amma tsari ne cikakke, da farkonsa da ƙarshensa da masu sa ido.

Matsalar ita ce wannan makarantar ta rufe. Ta daɗe tana ja da baya, talabijin ya ci rabonsa, waya ta zo ta ci nata. A nan Marwa kuwa akwai abin da ya ƙarasa ta: bayan hare-haren bam na watan Yulin 2015 aka taƙaita zirga-zirgar dare, kowace uwa ta ja 'ya'yanta cikin gida da magariba, kuma babu mai ganin laifinta. Lamarin ya lafa, amma dandali bai dawo ba. Yaran da aka haifa a wancan lokacin su ne ke shigowa hannunmu yanzu. Suna iya kwaikwayon duk rawar da ta fito a TikTok cikin yini ɗaya, amma ka sa su tafin gaɗa, hannu 20 su faɗi tare, sai ka ji kamar ruwan sama a kan kwano. Idan dandali ba zai ƙara koyarwa ba, dole wani wuri ya karɓi aikin, kuma wurin da yara ke taruwa kullum shi ne makaranta. Makaranta kuwa ba ta iya riƙe abin da ba a tsara ba. Malami ya samu canjin wurin aiki, komai ya tafi da shi.

Da na dawo daga wancan horo, cike da zumuɗi, na sayi babban littafi na zauna na rubuta tawa manhajar. Mataki 5. Na ɗauki rawar koroso da takai da wasu raye-rayen biki na yayyanka su gunduwa-gunduwa, kowane motsi da ƙirgensa daga 1 zuwa 8, yadda na ga ana yi a bale. Na ɗauki kiɗa a waya, na samo lasifika, kullum shi muke sawa. Ƙarshen zango in yi jarrabawa in ba da maki. Gaskiya abin ya yi kyau a ido. Sahu ya miƙe, ƙafafu suna sauka tare, 'yan baya suka fara matsowa gaba, wanda shi ne burina tun farko. Akwai wata yarinya, shekararta 13 lokacin, mai natsuwa da ƙoƙari, wadda ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba.

Ana nan sai aka yi bikin yayarta, aka gayyace ni wuni. An ɗauko mai kalangu, wani dattijo da duk unguwar ta sani, wanda ya gaji kiɗan mahauta daga mahaifinsa. Mata suka yi ta tura yarinyar, ai ga 'yar makarantar rawa, ta fito ta nuna musu. Ta shiga fili da kyau. Dattijon ya bi ta na ɗan lokaci, da ya ga ƙafarta tana da tsabta sai ya ji daɗi, ya matse tsarkiya a hammata, muryar kalangun ta hau, ya juya kiɗan yana kiranta, irin kiran da makaɗi ke yi wa wanda ya yaba. Ina kallon bakinta yana motsi. Ƙirge take yi. Kiɗan ya bar inda ta san shi, ita kuma tana neman 1 ɗin da za ta kama, babu. Ta tsaya cak a tsakiyar mata. Wata tsohuwa da ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba ta shigo da zaninta a hannu ta amsa kiran, aka ɗauki guɗa, yarinyar kuwa ta fice da gudu tana kuka.

Da aka tashi na je na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ɗalibata ce." Ya ce, "Na gane, 'yata. Ƙafarta ta fi ta kowa a wurin nan. Amma kin koya mata ƙafa, ba ki koya mata kunne ba. Ni magana nake yi mata, ita kuwa lissafi take yi."

Daren nan ban yi barci ba. Kowa ya san in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ni na yi shekara 2 ina koya wa yara kiɗan da ba ya sauyawa. Kalangu ba agogo ba ne. Yana kwaikwayon hawa da saukar muryar Hausa, yana kiran suna, yana yin take, yana zuga, yana tsokana, mai rawa kuma amsa masa yake yi da jiki. Na cire wannan hirar gaba ɗaya, na bar ɓawon, na kuma ba ɓawon maki 18 bisa 20. Laifin ba na matakai ba ne. Laifina ne da na aro tsani daga gidan wasu na jingina shi a bangon da ba nasa ba. Su masu bale sun gina nasu ne a kan abin da rawarsu ke buƙata, shi ya sa yake yi musu aiki.

Ban yar da littafin ba. Na koma wurin Baba da goro, na roƙe shi ya riƙa zuwa mana sau ɗaya a mako, muka sake tsarin tare, ni ina rubutu shi yana gyara mini. Yanzu zangon farko ba a rawa sam. Yara suna zama ne kewaye da shi, su yi tafi, su yi amshi, ya buga take ya tambaye su na wane ne, na mahauta ne ko na manoma, ya faɗi magana da kalangu su mayar da ita da baki. Da farko sun ƙosa, iyaye ma sun yi ƙorafi. Bayan nan sai tafiya a kan kiɗa, tafiya kawai, da tsayawa daidai inda ya yanke ba tare da an yi musu ishara ba. Sai wanda ya iya wannan ake ɗaura wa akayau a ƙafa, domin akayau ba ya rufa asiri, ko kaɗan ka kauce kowa zai ji. Tsalle da alkafura da ɗaga juna na koroso na kai su can gaba, sai yaro ya wuce shekara 12, kuma ba a kan siminti ba. Da rani muna sauka cikin rairayin Mayo Kaliyawo da sassafe, kafin zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 ya sauko. Matakin ƙarshe shi ne abin da ya kayar da ɗalibata: ka shiga fili kai kaɗai, makaɗi ya kai ka inda ya ga dama, ka bi shi ka dawo. Na daina ba da maki. Na kuma daina sa ranar jarrabawa. Idan yaro ya kai, Baba ne ke ɗaga kai ya dube ni, ni kuma in rubuta. Wani wata 2 yake yi a mataki, wani shekara.

Daga baya na gane ba ni ce farkon mai wannan tunani ba. Germaine Acogny, mai rawa 'yar Senegal, wadda ta jagoranci makarantar Mudra Afrique da aka buɗe a Dakar a 1977 da goyon bayan Shugaba Senghor na Senegal da mai tsara rawa Maurice Béjart, ta san bale sarai, amma da ta tashi tsara hanyar koyarwarta sai ta ɗora ta a kan gadon baya da yadda yake lanƙwasa a raye-rayen Afirka ta Yamma, ta raɗa wa motsi sunayen abin da ɗalibanta suka sani, irin su kuka da rimi da bado. Makarantar da ta kafa daga baya a Tubab Jalaw, a bakin teku, a kan rairayi ake rawa a cikinta, kuma masu rawa daga ƙasashe da dama suna zuwa koyo. Ke nan ana iya tsarawa ba tare da an sayar da gida ba.

Duk da haka akwai abubuwa biyu da nake tsoro idan hukuma ta karɓi wannan magana, kuma gara in faɗe su tun yanzu.

Na farko, takardar shaida. Mu nan mun san yadda takarda ke cinye ilimi. Daga CEP, jarrabawar ƙarshen firamare, zuwa BEPC ta tsakiyar sakandare, zuwa bakaloriya ta ƙarshenta, yaro yana karatu ne don ranar jarrabawa, malami yana koyar da abin da zai fito. Ranar da aka ce ga satifiket ɗin rawa mataki na 3, da kuɗin rajista, da mai jarrabawa daga Yawunde, ranar ɗan mai kuɗi zai fara tara takardu, ɗan mahaucin da aka haifa a gindin kalangu kuma ya zama marar shaida. Har a wayi gari wanda ke da takarda shi ne zai zo ya auna Baba. Manhaja kayan aikin malami ce, kamar yadda ma'auni yake ga tela. Ita ke gaya mini abin da ya kamata ya zo kafin wani, da abin da zai cutar da jikin yaro. Bai kamata ta zama abin da yaro ke rataya a bango ba.

Na biyu ya fi girma. Wannan yanki namu ba na Hausawa ba ne su kaɗai, mu ma 'yan kaɗan ne a cikinsa. A ajina akwai Fulani, da Giziga, da Mafa, da Mundang, da Tupuri, da Masa, da Kotoko, da Larabawan Shuwa, Fillanci ne ma ke haɗa yawancinsu a waje. Ɗauki gurna ta Tupuri, da ake yi a nan da tsallaken iyaka a Cadi. Ba taku ba ce kawai da dogayen sanduna a kewayen ganga. Ƙungiya ce, maza suna fita sansani da shanunsu da rani suna shan madara, kuma kowace shekara da sabuwar doguwar waƙa da ke faɗin abin da ya faru a cikin al'umma, ta yaba ta kuma tona. Wa zai zauna a ofis ya yanka wannan zuwa mataki 8? Idan aka daskarar da waƙar bara a littafi, an kashe abin da ya sa ta zama gurna. A manhajar Ingila ɗin nan akwai sashen da aka ɗebo daga raye-rayen mutanen karkara na Hangari da Rasha da Folan, an goge su sun yi sumul don dandamali. Yana da kyau a wurinsu, amma ba na so a yi wa gurna haka, ko a kwaɓa raye-rayen kabilu 10 a ƙwarya ɗaya a kira shi "rawar arewa". Ni Bahaushiya ce, abin da na gada shi na tsara, shi ma sai da dattijo a gefena. Na Tupuri, dattawan Tupuri ne za su ce ga abin da za a koya wa yaro a makaranta, ga kuma abin da ba ya fita daga sansani. Idan sun ce kada a taɓa, a bar shi.

Akwai wani amfanin rubutaccen tsari da ban zata ba. A cikinmu Hausawa, rawa ba abin da uba ke alfahari da shi ba ne, kuma ina girmama dalilansu. Wani bawan Allah ya zo har makaranta da fushi, ya ce, "Malama, ni karatu na kawo 'yata, ban kawo ta ta zama 'yar rawa ba." Na ce, "Alhaji, gaskiyarka. Ga littafin, duba abin da muke yi." Na nuna masa cewa mata daban suke yi maza daban, da suturarsu, na karanta masa waƙoƙin gaɗar da ke ciki. Da na kai kan wata sai ya yi shiru, ya ce mahaifiyarsa tana yin ta idan tana daka. Bai ce ya yarda da rawa ba, ban kuma nemi ya ce ba. Ya ce ta yi zangon tafi da waƙa, daga nan ta tsaya. Haka aka yi. Da babu matakai, da zaɓinsa biyu ne kawai, ko duka ko babu, kuma na san wanda zai ɗauka.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Muna da Jami'ar Marwa tun 2008, da babbar makarantar horar da malamai a cikinta. A zaunar da malaman motsa jiki da makaɗa da tsofaffin mata masu waƙa, kowace al'umma da nata, a ɗauki muryoyinsu, a rubuta abin da suka ce shi ne farko da abin da suka ce shi ne ƙarshe, da sunansu a kai. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma zumar tana ƙarewa. Baba ya tsufa, hannunsa ya fara rawa idan ya daɗe yana kiɗa, 'ya'yansa maza duk haya suke yi da babur, babu wanda ya ɗauki kalangu. Abin da muke ba shi jaka 2 ne a mako, daga karo-karon iyaye da aljihuna, wani makon ma sai haƙuri.

Bana idan aka kira ni ofis a Janairu, zan fitar da yara ranar 11 ga Fabrairu kamar kullum, ba zan kunyata makaranta ba. Amma zan shiga da littafina, in ajiye shi a kan tebur, in nemi abu biyu a rubuce: awa 2 a kowane mako tun daga Oktoba, da kuɗin makaɗi a cikin kasafin makaranta, a layi ɗaya da kuɗin alli da na ƙwallo.